Mai ganin ɓoye da mai kisan ɗauki ɗai-ɗai: yadda ake gane littafin da ba zai yaudare ki ba

Tambaya: Na shiga karanta littattafan Turanci irin waɗanda ake haɗa 'yan sanda da wani mai baiwar ganin ɓoye suna farautar mai kisan ɗauki ɗai-ɗai. Farkonsu yakan riƙe ni ƙwarai, amma da yawa idan na kai ƙarshe sai in ji kamar an cuce ni. Ta yaya zan gane mai kyau tun da wuri? Kuma da gaske ne 'yan sandan Turai da Amurka suna aiki da irin waɗannan mutane?

Amsa:

Malama, cutar da kike ji ta gaske ce, kuma marubutan wannan fanni sun san da ita kusan shekara ɗari. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na rubuta labarin binciken kisa, ta biyu a cikinsu ta haramta shigo da duk wani abu na aljanu ko gaibu. Dalilinsa na sana'a ne. Labarin bincike alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu: duk alamar da mai bincike ya gani, ke ma za a nuna miki, in kin isa ki riga shi gano mai laifi. Da zarar an ce akwai wanda zai rufe ido ya ga abin da ya faru, alkawarin ya shiga haɗari, domin marubuci ya sami ƙofar da zai fita duk lokacin da zaren labari ya sarƙe masa. Don haka wanda ya sa mai ganin ɓoye a littafinsa ya ci bashi, kuma hanya ɗaya ce ta biya: ya gindaya wa baiwar iyaka tun farko, ya kuma tsaya a kan iyakar har shafi na ƙarshe. Littattafan da suka ɓata miki rai, kusan dukkansu nan suka faɗi.

A shafuka hamsin zuwa sittin na farko za ki iya sanin inda marubuci ya dosa. Ki fara da duba abin da ke tayar da ganin. Wani sai ya taɓa kayan mamaci, zobe ko ɗankwali ko makullin mota. Wani sai ya tsaya a wurin da aka yi kisan. Wani a mafarki. Wani kuma matattu ne ke zuwa su yi masa magana. Tsarin taɓa kaya da na tsayawa a wuri sun fi kama hankali, saboda suna buƙatar izinin 'yan sanda, kuma kayan shaida ba a miƙa wa kowa haka kawai. Kowane abu da aka ɗauko daga wurin kisa ana sa shi cikin jaka a liƙe, a rubuta sunan duk wanda ya karɓa da lokacin da ya karɓa. Idan aka buɗe jakar don wata baƙuwa ta shafa rigar da hannu, lauyan wanda ake tuhuma ya sami abin da zai rusa shaidar da shi a kotu. Marubucin da ya san aikinsa zai mayar da wannan rigima a cikin labarin. Wanda bai sani ba zai sa jami'i ya zaro wuƙar kisa daga aljihu ya miƙa.

Sai ki duba da idon wa ake ganin. Wannan ƙaramar tambaya ce amma ita ke riƙe da ginin. Idan da idon wadda aka kashe ne, dole a gaya miki dalilin da ya sa ba a ga fuskar makashin ba, kuma dalilan ba su da yawa: daga baya ya zo, ko ya rufe fuska, ko duhu ne. Sau ɗaya ko biyu za a karɓa, a gawa ta biyar ya zama raini. Idan da idon makashin ne, matsalar ta warware kanta, tunda mutum ba ya ganin fuskarsa. Abin da za a samu shi ne hannu mai tabo, sitiyarin mota, allon hanya da aka wuce da gudu, warin man fenti. Waɗannan gutsattsari ne da sai an bi su da ƙafa, kuma a ganina wannan tsarin ya fi kowanne gaskiya ga mai karatu. Mafi rauni shi ne na matattu masu magana. Mamacin da zai iya cewa "ki gaya wa mahaifiyata ina lafiya" amma ya kasa faɗin sunan wanda ya shaƙe shi, marubuci ne ya toshe masa baki don littafin ya kai shafi ɗari huɗu.

Abu na uku shi ne ko baiwar tana kuskure. Ki nemi wuri ɗaya aƙalla, kafin tsakiyar littafi, inda ganin ya kai 'yan sanda ga wanda bai ji ba bai gani ba, ko ya sa aka tona fili aka tarar babu komai. In babu irin wannan wuri, babu fargaba, domin kin san duk abin da ta gani zai tabbata. Ciwon kai da haɓo da suma bayan kowane gani, waɗanda suka cika littattafan nan, ba su ne farashi ba. Farashin da ke da nauyi shi ne wanda ya faɗa kan wani: maƙwabcin da aka kama a banza, uwar da aka ce wa 'yarta na raye alhali ba haka ba ne.

Akwai gwajin da ya fi duk waɗannan, sai dai yana son fensir. Duk inda aka yi gani, ki sa alama a gefen shafi ki rubuta sabon abin da ya kawo. Idan kin gama littafin, ki bi matakan da suka kai ga makashin daga ƙarshe zuwa farko. Tambayar ita ce: mataki na ƙarshe, wanda ya ba da suna ko adireshi, daga ina ya fito? In daga rajistar motoci ne, ko tsohon fayil, ko bakin wani mai shaida da aka koma wurinsa saboda ganin ya sa an canza tambaya, littafin ya cika alkawari. In kuwa jarumar ce ta faɗi a sume a babi na kusa da ƙarshe ta farka da lambar gida a bakinta, an cuce ki. Haka nan in wata sabuwar baiwa ta ɓullo da ba a taɓa ambata ba, kamar ta fara shiga kan makashin tana juya shi, ko kuma baiwar ta ɗauke cak a daidai lokacin da makashin ke zaune kusa da ita yana shan shayi, ba tare da an kafa dalilin hakan tun baya ba.

Wani wurin da ake gane marubucin da ya yi bincike shi ne kotu. A Amurka, inda yawancin labaran nan ke faruwa, gyara na huɗu na tsarin mulki ya hana a shiga gidan mutum da bincike sai da waranti, alƙali kuma ba ya sa hannu sai an kawo masa dalili mai ƙarfi bisa rantsuwa. Mafarkin wata mata ba dalili ba ne. In jami'i ya fasa ƙofa bisa gani kawai, abin da ya samo a ciki ana iya jefar da shi, har da abin da aka gano ta dalilinsa daga baya. Saboda haka littafi mai kyau yakan sa jami'in cikin tsaka mai wuya: ya san gidan, ba shi da hanyar shiga, kuma zuciya na raya masa ya ƙirƙiro wani "mai tsegumi da ya ɓoye sunansa" ya rubuta a takardar rantsuwa. Sannan ita kanta mai ganin, in ta faɗi abin da ba wanda ya sani sai makashi, ita ce farkon wadda za a zarga. Wannan ya taɓa faruwa. A Disamban 1980 wata mata a Los Angeles ta je ofishin 'yan sanda ta ce ta ga inda gawar wata ma'aikaciyar jinya da ta ɓace take, a wani kwari bayan gari, ta kuma je da kanta aka tarar da gawar. Tsare ta aka yi kwana huɗu. Daga baya aka kama wasu samari uku, ita kuma ta yi ƙara ta ci diyya a 1987. Masu shakka suna ganin labarin kisan ya riga ya fara yawo a unguwa kafin ta je.

Wannan ya kawo mu tambayarki ta biyu. Eh, an sha kiran irin waɗannan mutane, galibi bisa matsin iyalan wanda ya ɓace ko 'yan jarida, amma tarihin abin bai yi kama da na littafi ba. A 1964 an kai Peter Hurkos, ɗan ƙasar Holan, birnin Boston lokacin da ake neman mai shaƙe mata. Ya nuna wani mai sayar da takalma da ke fama da taɓin hankali, bincike ya wanke mutumin. Wanda ya amsa laifin daga baya shi ne Albert DeSalvo, kuma a 2013 gwajin DNA ya haɗa shi da mace ta ƙarshe da aka kashe. A 1966 yara uku 'yan gida ɗaya suka ɓace a bakin teku kusa da Adelaide a Ostareliya. Aka ɗauko wani ɗan Holan ɗin, Gerard Croiset, ya ce suna ƙarƙashin daɓen wani ɗakin ajiyar kaya. Aka fasa daɓen ba a sami komai ba, har yau ba a ga yaran ba. Mafi ciwo shi ne na 2004, da wata mai iƙirarin gani, Sylvia Browne, ta gaya wa wata uwa a shirin talabijin cewa 'yarta da aka sace a Cleveland ta mutu. Uwar ta rasu a 2006, 'yar kuma ta kuɓuta da ranta a Mayun 2013 daga gidan da aka tsare ta shekara goma.

An kuma gwada abin a tsanake. Martin Reiser, masanin halayyar ɗan Adam a rundunar 'yan sandan Los Angeles, ya ba masu iƙirarin gani goma sha biyu kayan shaida na laifuka huɗu, ya buga sakamakon a 1979: ba su kawo abin da zai taimaki bincike ba. Da aka sake gwaji aka haɗa su da ɗalibai da jami'an bincike, sun fi kowa yawan magana nesa ba kusa ba, amma ba su fi kowa dacewa ba. Richard Wiseman da abokan aikinsa a Ingila sun sami irin wannan sakamako a 1996, da masu gani uku da ɗalibai uku.

To me ya sa labarin nasara ke yawo? Yawan maganar nan shi ne sirrin. Wanda ya ce yana ganin ruwa, da bishiyoyi, da lamba bakwai, da harafin M, da wani mai kaki, ya zuba abin da ba zai rasa dacewa da wani abu ba. In aka tsinci gawa kusa da kwata, ruwa ya tabbata. In titin yana da bakwai a lambarsa, ko ranar bakwai ga wata ce, ko kilomita bakwai ne daga gida, lamba ta tabbata. Sauran maganganu talatin da ba su dace ba a manta da su. Bayan an gano gaskiya ake ɗinka maganar a jikinta, kafin nan ba ta kai kowa ko'ina ba. Bertram Forer ya nuna tushen wannan a 1948, da ya ba ɗalibansa takarda iri ɗaya ya ce bayanin halin kowannensu ne shi kaɗai, suka ba ta maki sama da huɗu cikin biyar. Ke da kika tashi inda ake zuwa wurin mai duba in sarƙa ta ɓace, kin san salon: "wani na kusa da ke ne, mai shiga ɗakinki", daga nan zargi ya sauka kan 'yar aiki ko kishiya. Abin da ya sami mai takalman Boston ke nan. Ina ambata wannan ne don ki auna jami'i mai shakka da ake sawa a kusan kowane littafi. In marubuci ya ba shi waɗannan hujjoji a bakinsa, yana girmama ki. In ya mai da shi wawa mai taurin kai da zai tuba a babi na goma, littafin wa'azin baiwa ne kawai.

Yadda ake kama makasan gaske ma'auni ne mai amfani, kuma labarin Peter Sutcliffe ya ishe mu. Ya kashe mata 13 a arewacin Ingila tsakanin 1975 da 1980. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi sau tara suna sallamarsa, domin bayanan suna kan katunan takarda masu yawan da sai da aka ƙarfafa daɓen ɗakin da aka tara su a Leeds, kuma babu mai iya haɗa wannan kati da wancan. A 1979 wani ya aiko da kaset yana cewa shi ne makashin, da karin harshen yankin Sunderland. Shugabannin binciken suka gaskata, aka riƙa wanke duk wanda harshensa bai yi kama ba, har da Sutcliffe ɗan Bradford. A wannan shekarar wata shahararriyar mai iƙirarin magana da matattu, Doris Stokes, ta ba wata jarida siffar makashin, ita ma ta kai shi yankin da kaset ɗin ya nuna. Abin da kowa ya riga ya yarda da shi ta maimaita. Wanda ya kusanci gaskiya shi ne Stuart Kind, masanin kimiyyar binciken laifi da ya taɓa aikin nuna wa jirgin yaƙi hanya. A Disamban 1980 ya zana wuraren harin a taswira ya haɗa da lokutansu, bisa tunanin cewa wanda zai koma gida mai nisa da wuri yake kai hari, na kusa da gida kuwa yana iya kaiwa tsakar dare. Lissafinsa ya faɗa yankin Bradford. Duk da haka, abin da ya kama Sutcliffe ranar 2 ga Janairun 1981 a Sheffield shi ne lambar mota ta bogi da 'yan sintiri suka lura da ita. Mai kaset ɗin ma sai 2005 aka gano shi, ta DNA a jikin ambulan ɗin wata wasiƙa da ya aiko.

Sauran ma haka suke. Takardar tarar ajiye mota kusa da famfon kashe gobara ce ta kai ga David Berkowitz a New York a 1977. Dennis Rader na Wichita ya aika wa gidan talabijin faifan kwamfuta a 2005, aka tarar da sunan cocinsa da sunansa na farko a ɓoye cikin fayil. Joseph DeAngelo a California sai 2018, ta hanyar bin dangi a rumbun DNA na masu neman asali. Abin lura shi ne binciken irin wannan kisa ba ƙarancin bayani ke kashe shi ba, yawansa ne, da rashin haɗa shi tsakanin rundunoni. Shi ya sa FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta kafa rumbun tattara bayanan irin waɗannan laifuka mai suna ViCAP a 1985, Birtaniya kuma ta koma kwamfuta bayan abin kunyar Sutcliffe. Littafin da ya fahimci haka zai nuna ganin jarumar a matsayin kira ɗaya cikin dubban kiraye-kiraye, a kuma sha wahala kafin wani ya saurare ta.

Game da makashin kansa, ki yi hattara da haziƙin da ke aiko da wasiƙu cikin waƙa yana jera gawawwaki bisa taurari. Rahoton da FBI ta fitar bayan taron masana a San Antonio a 2005 ya sa ma'anar kisan ɗauki ɗai-ɗai a kisan mutum biyu ko fiye a lokuta daban-daban, ya kuma ƙaryata cewa dukkansu haziƙai ne, ko kaɗaitattu, ko masu son a kama su. Rader shugaban majalisar cocinsa ne, mai mata da 'ya'ya. Gary Ridgway, da ya amsa kisan mata 48 a 2003, fentin manyan motoci yake yi a masana'anta shekara da shekaru. Abin da ya sa suka daɗe shi ne waɗanda suke zaɓa: mata masu zaman kansu, yaran da suka gudu daga gida, masu shaye-shaye, mutanen da in sun ɓace ba a tashi nema da wuri. Samuel Little ya amsa kisa 93, FBI ta ce ta tabbatar da 50 a 2019, kuma da yawa an rubuta su tun farko a matsayin haɗari ko shan ƙwaya fiye da kima. A nan ne ma baiwar gani take da aikin yi a labari: ta sa a waiwayi gawar da hukuma ta rufe fayil ɗinta. Ki kuma duba ko marubuci ya bambanta hanyar aiki da tambari. Hanyar aiki, wato yadda yake shiga da makamin da yake riƙewa, tana canzawa yayin da yake koyo. Tambari shi ne abin da yake yi don biyan buƙatar ransa ba don kisan ya buƙace shi ba, shi ya fi tsayawa, kuma da shi ake haɗa gawa da gawa.

Ƙananan abubuwan likitan gawa ma suna tona asiri da sauri. Gawa takan fara sandarewa cikin awa biyu zuwa shida, ta cika wajen awa goma sha biyu, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, zafi na gaggauta hakan sanyi na jinkirta shi. Likitan gaske tazarar awoyi yake bayarwa. Wanda ya duƙa ya ce "ƙarfe sha ɗaya da kwata ta mutu" ya fi jarumar duba.

Wajen saye, ki karanta samfurin babi biyu ko uku da shagunan intanet ke bayarwa kyauta kafin ki biya. Yawancin littattafan nan jeri ne, ki fara da na ɗaya, domin a nan ake kafa dokokin baiwar, kuma da shi za ki kama marubuci in ya karya su a na huɗu, inda aka saba ƙara wa jaruma ƙarfi don kada masu karatu su gaji. Bango mai hoton namiji da mace yawanci soyayya ce aka yafa wa kisa, binciken zai zama sama-sama. Ki kuma duba yadda aka fassara baiwar, tunda ga mai karatu Musulma wannan ba ƙaramin abu ba ne: wasu littattafan a kan aƙidar cewa rayukan matattu na yawo suna aiko da saƙo aka gina su gaba ɗaya, wasu kuma suna barin ƙofa a buɗe, ta yiwu gani ne, ta yiwu kaifin lura ne da tsohon rauni a zuciya. Nau'i na biyun ya fi wuyar rubutawa kuma yawanci ya fi inganci, domin dole kowace alama ta tsaya da ƙafarta ko da an cire gaibu. In babin farko ya buɗe da shafi goma na azabtar da mace dalla-dalla kafin a gaya miki ko sunanta, sauran littafin ma haka zai tafi, kuma yawanci na biyu a jerin yakan fi na farko muni.